Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Ina cikin takaba aka kawo motocin nan biyu ƙofar gidanmu a Makera. Damina ce, an wuni ana ruwa, layinmu duk ya caɓe. Na ji ƙarar inji da hayaniyar maza a waje, sai ga autata ta shigo ɗaki tana murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarta tun ranar da aka fita da babanta. Ita ce take rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban yi boko ba, kuma na ce mata duk inda maganar ta taɓa ta, kada ta tsallake.

Ta ce, "Inna, Yaya ne ya zo da dillali. Wai ki leƙa ki gani."

Yayan nata shi ne ɗana na fari. Dole in tsaya in yi bayani a nan, don yaran yanzu ba su san wannan ba. A inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta dubansa ta ce ga abin da ke ranta. Kunya ce, haka muka tarar. Ana yaye shi goggonsa, yayar Malam mai gidana, ta goya shi ta tafi da shi Tudun Wada, can ya girma. Bai dawo hannuna ba sai da muryarsa ta buɗe. Yanzu furfura ta fara fito masa, yana aikin ofis, yana da iyali a Barnawa, amma har zuwa lokacin da nake ba da labari, maganata da shi ba ta wuce amsa gaisuwa da "Allah ya yi albarka" ba. In zan ambace shi sai in ce "yaron nan".

Wannan bai taɓa dame mu ba, saboda akwai Malam. Duk abin da nake so ya kai kunnen yaron nan, a ɗaki nake faɗa wa babansa. Shi kuma sai ya fita zaure, ya gyara murya, ya faɗe shi kamar nasa ne. Lokacin da yaron ya so ya kama haya a wani gida da ke bakin kwata, ni na ce a'a, amma har yau yana cewa hangen nesan Baba ne. Wani lokaci ma ba sai na yi magana ba. In na dire kwanon tuwo da ɗan ƙarfi, Malam zai ɗago kai ya ce, "To, me ya yi kuma?"

Sai Malam ya kwanta ciwo, ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Har yanzu in na ji motsi a zaure nakan buɗe baki in ce "Malam, ji mana," sannan in tuna, in zauna in yi kukana. Ba na ɓoyewa. Wanda ya gaji da ganin hawayena ya daina zuwa.

Goggon nan kuwa ba ta samu zuwa ta'aziyya ba. Ta tsufa, ta daɗe a kwance, ko banɗaki sai an ɗaga ta. Ta yi ta aiko mini da saƙo cewa tana so ta gan ni, ta ji daga bakina yadda ƙanenta ya cika, tunda ni ce nake riƙe da kansa. Ni kuma mai takaba ba ta fita. Kullum in aka buga ƙofa sai in ce ko labarin rasuwarta aka kawo. Babu abin da nake roƙo irin Allah ya nuna mini ranar fita, in same ta da rai. Yaron nan kuma ya rantse ranar nan ba zan hau keke ba. Shi ya yi ta kai babansa asibiti a keke mai ƙafa uku, ruwa yana feso musu ta gefe, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce da motarsa zai kai ni. Dalilin sayen motar ke nan, don ni za a saya.

Na ja ƙafa zuwa zaure, na leƙa ta tsagar ƙofa. Ɗaya mai ruwan toka ce, ƙirar Japan, irin wadda ta cika titi, fentinta ya ɗan koɗe, ƙofofinta huɗu. Ɗayar kuma ja ce wur, ƙarama, mai dunƙulallen baya, tana sheƙi kamar an shafa mata man ja. Fitilunta zagayayyu kamar idon yaro. Gaskiya tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Yaran layi duk sun bar mai tokar sun kewaye ta. Amma na duba, na sake dubawa, ƙofa biyu kawai na gani, sai wata ta baya da ake ɗagawa sama a zuba kaya.

Dillalin wani siriri ne mai hula a karkace, yana ta dukan bayan jar da tafin hannu.

"Oga, wannan 'yar Italiya ce, daga Kwatano ta sauka, ko wata ba ta yi a ƙasar nan ba. Wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa coci da ita, shi ke nan aikinta. Ka shiga ofis da wannan, mai gadi ma sai ya canza maka gaisuwa."

Yaron nan ya ce, "Waccan fa?"

"Waccan jaka ce, Oga. Ba ta ciwo, ba ta gajiya, ko ruwan rijiya ka zuba mata za ta tafi. Amma ka tsaya a bakin titi da ita, wallahi sai wata ta ɗauka tasi ce, ta buɗe ta shiga ta ce maka Kasuwar Barci."

Aka kwashe da dariya. Na ga yaron nan ya buɗe ƙofar jar, ya ja wani abu, kujerar gaba ta kifa, wani maƙwabcinmu ya sunkuya ya kutsa baya kamar mai shiga akurki. Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, a kan kujera nake salla. Ba ni da yadda zan naɗe jikina in shiga ramin nan. In kuwa ban shiga baya ba, sai gaba, kafaɗata tana gogar kafaɗarsa. Ni, da ɗan farina.

Na koma ɗaki raina a ɓace. Da Malam yana nan, tari ɗaya zan yi a gama magana. Zai fita ya zagaya motar, ya ce, "Kai, mota mai ƙofa biyu ai ta samari ce, manya ta ina za su shiga?" Shi ke nan. Na dubi shimfiɗarsa, babu kowa.

Sai na kira auta. Ban iya ce mata ba na son zama kusa da yayanta ba, don ita 'yar zamani ce, dariya za ta yi, ta je ta faɗa masa yadda na faɗa. Gwiwata kuma in na ambata, cewa za a yi ai ga kujerar gaba nan. Sai na naɗe maganar cikin wata. Na ce, "Ki gaya masa babanku yakan ce kada mutum ya sayi abin da in ya lalace ba a samun kayansa a kasuwar Panteka. Ya ɗauki mai tokar."

Ta tafi ta dawo. Na ce, "Me kika ce masa?"

"Na ce kin ce ya duba lafiyar motar da kyau kafin ya saya."

"Haka na ce?"

"Ai kusan duk ɗaya ne, Inna. Kuma wallahi jar ta fi kyau."

Kin ji, rubuta. Haka kika yi.

Yaron nan kuwa ya ɗauki saƙon da muhimmanci, don shi mai biyayya ne, wannan ba zan hana shi ba. Ya kai jar wurin wani bakanike a Kakuri, aka ɗaga ta, aka shiga ƙarƙashinta, aka saurari injin. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa, yana yi wa labule bayani. Wai bakanike ya ce injinta garau yake. Wai abin da kawai ya ce shi ne masu irinta ba su da yawa a Kaduna, in wani abu ya mutu sai an aika Legas, amma ai sabuwar shigowa ce, ba yanzu za ta fara ba. Wai mai tokar ta yi tafiya da yawa, kujerunta sun lotsa. Wai har yanzu dai yana auna su biyun, bai yanke ba. Ya tsaya yana jiran ta bakina.

Maganar tana bakina. Na ji ta a kan harshena kamar garwashi. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Ya ce amin, ya tashi. Na jefar da carbina a kan gado don haushi, sannan na ɗauka na yi istigfari.

Ina da maƙwabciya, Kirista ce daga kudancin jihar nan, tare suka yi aikin masaƙa da Malam kafin a rufe. Maman 'yan biyu muke ce mata. Tun rasuwar kullum sai ta shigo da kunun gyaɗa ta zauna da ni. Ita na buɗe wa cikina duka. Ta ajiye kofi ta riƙe haɓa.

"Hajiya, ɗan da kika yi naƙudarsa? Ni nawa ko da matarsa a tsaye, kunnensa nake kamawa. Kira shi ki ce, kai, mayar da wannan abin wasan yara."

"Ba zan iya ba."

"To ni zan iya. Bari ya zo."

Na roƙe ta kada ta ce daga wurina ne, kada kuma ta ambaci zancen zama a gaba. Ta ce ta ji. Da ya zo ta tare shi a ƙofar gida, ina jin su daga zaure. Ta fara da kyau, ta ce mota ai ba riga ba ce da za a saya don kala. Ta ce mijinta ya taɓa sayen babur don kyan tankinsa, ya ƙare kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Yaron ya yi dariya, ya ce, "Mama, zo ki ɗan zauna a ciki ki ji." Ranar ya karɓo jar don gwaji. Na ji an rufe ƙofa, na ji sun tafi. Da suka dawo ta shigo tana fifita da gefen zane, tana kauce wa idona.

"Hajiya, kin san akwai sanyi a ciki kamar firij? Kujerar kuma, kai! Ki bar yaron nan ya ji daɗi, ya sha wahalar jinya."

Ban sha kununta ba ranar.

Haka aka sayi jar. Duk wanda ya zo sai ya shigo ya yi mini barka, ya ce ɗanki ya fitar da ke kunya. Ni kuwa ina zaune ina lissafin yadda zan yi da ƙafafuna.

Ranar fita ta zo. Na yi wanka, aka raba waina sadaka, na sa tufafin da na daɗe ban sa ba, na yi kuka har na gode Allah, don a wannan atamfar Malam yake cewa na yi kama da amarya. Da hantsi yaron nan ya kawo motar, an wanke ta tana ɗaukar ido. Matan layi duk sun fito raka ni. Na ce wa auta a baya zan zauna. Ya kifar da kujerar. Na sa kai, na ɗaga ƙafar dama, ta shiga. Ta hagu ta ce ba ta san zancen ba. Na tsaya rabi a ciki rabi a waje, bayana yana kallon jama'a, gwiwa tana suka kamar ana soka mini tsinke. Maman 'yan biyu tana turawa tana cewa "Sauran kaɗan," auta tana ja ta ɗaya ƙofar. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta make ta. Da ƙyar aka zaro ni, ɗankwalina a hannun wata.

Ba yadda na iya. Goggo tana jira. Auta ta shige baya kamar kyanwa, ni aka zaunar da ni a gaba. Kujerar a ƙasa take, kamar an ajiye ni a kan tabarma, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. In ya sa giya, hannunsa sai ya taɓa hijabina. Na juya fuskata ga gilashi, na ƙi motsi.

Muka hau babban titi, hadari yana haɗowa ta gabas. Yana ta gudu, yana so in ji daɗin motar.

Na ce, "Auta, ki ce masa ya rage gudu."

Ta ce, "Yaya, wai ka rage gudu."

Ya ce, "To." Ya rage.

Can na ce, "Ki ce masa sanyin nan yana shiga mini ƙashi."

"Inna, ga shi nan fa kusa da ke, ya fi ni jin ki."

"Na tambaye ki?"

Ya kashe sanyin. Kafin mu kai gada ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Akwai wani kwari da ruwa yake taruwa a wurin. Ina gani motoci irin mai tokar nan suna shiga suna fita, kekuna ma suna ratsawa. Tamu ta shiga, ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru a tsakiyar ruwan. Ya murɗa makulli, ta yi ƙara kamar tsohuwa mai shaƙuwa. Ya sake, ko wannan ma ba ta yi ba. Na baya suka dame mu da ham. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Alhaji, a kai ta falo a ajiye, ba ta titi ba ce!" Wasu mutane suka taimaka aka tura mu gefe. Ya kira bakanikensa, na ji yana cewa wai ruwa ya taɓa wani abu na lantarki, kada a sake tayarwa, kuma abin nan in ya ƙone ba shi a Kaduna.

Auta ta ce za ta je ta nemo keke. Don ta fita ma sai da yayanta ya fita cikin ruwa ya kifar da kujerarsa. Ya dawo ya zauna sharkaf, ya rufe ƙofa. Muka rage mu biyu. Tun da na haife shi ban taɓa zama da shi mu kaɗai a wuri mai ƙunci haka ba. Gilashi ya yi hazo, ruwa yana dukan rufi. Na tuna tsohuwar nan tana kwance tana kallon ƙofa. Na waiwaya in ce "ki ce masa," babu kowa a bayan. Sai kawai na ji bakina ya buɗe.

"Kai wane irin mutum ne? Mota mai ƙofa huɗu tana tsaye a gabanka, ka tsallake ta ka ɗauko wannan gwangwanin tumatir. Ka dubi ƙafata kuwa? A kan kujera nake salla, ba ka gani? Ta ina ka so in shiga? Ka sa na yi goho a gaban matan layi ranar fitata!"

Ya juyo yana kallona baki buɗe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Wanda nake faɗa wa yana ina?"

Sai ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na saki nawa kukan. Muka yi ta yi, mutane suna wucewa da lema suna leƙenmu. Da ya ɗago ya ce, wai lokacin yana yaro, in ya zo hutu, babansa yakan kai shi ƙofar masaƙa ya nuna masa motar wani Bature injiniya, ƙarama ja irin wannan, ya ce in Allah ya hore masa irinta zai saya. Wai tun da dillali ya buɗe ta, abin da ya gani ke nan.

Na share fuskata na ce, "Babanka yabo yake da baki, ya saya da hankali. Ya yi shekaru yana yaba agogon zinare, da na roba a hannunsa ya koma ga Allah. Da ka tambaye ni da na gaya maka."

Ya ce, "Da na tambaya za ki amsa?"

Sai ga auta ta iso da keke.

A keken muka ƙarasa, mu uku a matse, ruwa yana feso mana ta gefe, motar an bar ta wurin wani mai faci. Da yake bakin ya riga ya buɗe, ban iya rufe shi ba. Har muka shiga lungun su Goggo a Tudun Wada ina yi masa faɗa, yana riƙe da hannuna yana tsallakar da ni kwata yana cewa, "To, Inna. Na ji, Inna." Ban lura mun iso bakin ɗakinta ba.

Mun same ta da rai, alhamdu lillahi. Ta rame ta zama kamar tsinke, amma kunnenta garau. Ba ta amsa sallamarmu ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Muryar wa nake ji tana yi wa yaron nan faɗa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ce, Goggo."

Hawaye ya bi gefen idonta zuwa kunne. Ta ce, "Sun gaya mini ban yarda ba. Yau na yarda ƙanena ya mutu." Ta miƙo hannu, na zauna a bakin gadonta, na ba ta labarin yadda ya cika tun daga farko, ba abin da na rage. Sai bayan la'asar muka bar gidan. Ba ta ƙara watanni da yawa ba ita ma ta bi shi.

Motar kuwa an ja ta zuwa Panteka, ta daɗe a can tana jiran abin da za a kawo daga Legas. Na farko da aka kawo bai yi daidai ba. Da ta tashi ta yi 'yan makonni lafiya, sai gilashin ɓangarena ya sauka ya ƙi hawa. Masu saye suna zuwa, su zagaya ta, su ce kai, wannan akwai kyau, su tambayi inda ake samun kayanta, su ce za su dawo. Yanzu kam in ya zo gaishe ni ba na neman ɗan aike. Na ce masa ya rabu da ita ko da faɗuwa ne, na faɗa da safe, na faɗa da yamma, ido cikin ido. Yakan durƙusa ya saurara har in gama, ya ce, "Gaskiya ne, Inna." Jiya auta ta gaya mini ya saya mata sababbin tayoyi.